Mun koma manhajar intanet, amma zanen gini na ta cakuɗewa: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu zanen gine-gine da injiniyoyi. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni barci.

Mu 12 ne a ofishinmu. Wata uku ke nan da muka ɗauke ayyukanmu daga kwamfutocin ofis muka mayar kan wata manhajar tsara aiki da ke ajiye komai a intanet. Wajen rabon aiki da bibiyar wa'adi, alhamdu lillahi, ta yi mana rana.

Zanen ne ya gagara. Mutum biyu su buɗe fayil ɗin DWG guda (wato fayil ɗin zane na kwamfuta), kowa ya yi gyaransa, sai manhajar ta ajiye kwafi biyu, ba wanda ya san na ƙarshe. Makon jiya injiniyan da ke mana lissafin ƙarfe ya yi kwana huɗu yana aiki da tsohon zane, wanda tuni muka matsar da ginshiƙai biyu a cikinsa. Da ba a gano ba, da haka za a kai wa magina. Ga manyanmu kuma, har yanzu ta imel suke tura PDF, ni kuwa ba zan iya tsawatar musu ba.

Na karanta tsarin ISO 19650 na kula da bayanan aikin gini, wanda ya raba takardu gida huɗu: wanda ake kan aikinsa, wanda aka raba wa abokan aiki, wanda aka amince da shi, da na ajiya. Ya kwanta mini a rai sosai. To amma ƙaramin ofis kamar namu zai iya ɗaukarsa ba tare da ware mutum guda na kula da takardu ba? Kuma ta yaya kuke kulle fayil idan wani yana cikinsa?

Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya taimaka mini.