Wa ya taɓa zagaya dam ɗin Kielder da keke? Ku faɗa min gaskiya kafin in tafi

Bakatsinen Newcastle:
Salam jama'a. Wata biyu kenan da na sayi keken burji na hannu, irin mai lanƙwasasshen kai kamar na tsere amma tayarsa ta fi kauri, 40 aka rubuta a jikinta. Na gaji da bin bakin kogi zuwa Tynemouth in dawo kullum. Wani Bature da muke aiki tare ya ce in je dajin Kielder da ke arewacin Ingila, akwai hanya mil 26 da ta zagaye ruwan, Lakeside Way sunanta, wai babu mota ko ɗaya. Ni dai tun ina firamare nake tuƙa Phoenix ɗin babanmu zuwa gona da buhun taki a baya, don haka burji ba baƙona ba ne. Wanda ya taɓa zuwa dan Allah ya ba ni labari, Asabar mai zuwa nake son tafiya.

Ɗan Tudun Wada:
Hhhh mutumina, irin maganar da na yi kenan kafin in je, har da labarin keken gona. Bari in ba ka nawa. Watan Yuli ne, mu biyu, muka ajiye mota a bakin dam muka bi gefen arewa. Awa ɗaya na farko wlh kamar a mafarki, itatuwa dogaye sun jeru hagu da dama, ruwa yana leƙowa ta tsakaninsu, ba hon ba hayaƙi, ƙarar tsakuwa kawai kake ji a ƙarƙashin taya. Sai a wata gangara na ji fusss, tayar baya ta sace. Nan na tuna ban ɗauko tiyub ba, ban ɗauko famfo ba, abokina ma haka, saboda a kaina har yanzu ina Kano ne inda in ka yi faci sai ka ɗaga ido ka hango mai faci a gindin darbejiya da bahonsa na ruwa. Na zaro waya babu sabis, ko layi ɗaya. To muna tsayawa sai ga ƙwarin nan da suke ce wa mijis, ƙanana ne ba su kai kan allura ba amma a gajimare suke zuwa, cikin kunne, cikin gashi, ƙasan hular kwano, sauron Kano a gabansu mai ladabi ne don shi aƙalla yana sallama kafin ya cije ka. In kana tafiya ba sa kama ka, tsayuwa ce laifin. Na tura keken nan kusan awa ɗaya kafin wasu tsofaffi mata da miji suka tsaya, matar ce ma ta cire tayar ta sa min tiyub ɗinta cikin minti goma ina tsaye ina kallo kamar ba jikan masu keke ba. Kuɗi ma ta ƙi karɓa.

Malam Injiniya:
Ƙanena, abin da ɗan'uwanka ya faɗa shi ne asalin zancen. Tudun wurin ba wani abin tsoro ba ne, rashin mutane ne. Na fi shekara goma ina zuwa. Daji ne da aka dasa da hannu tun shekarun 1920, faɗinsa kusan murabba'in mil 250, kuma har gobe noman katako ake yi a cikinsa, yawanci icce iri ɗaya ne. Saboda haka kalmar "babu mota" ka riƙe ta da hankali. A kan Lakeside Way gaskiya ne. Amma in ka sake ta ka shiga manyan hanyoyin burjin da ke cikin dajin, za ka iya gamuwa da tirelar gungume a kwana, kuma ba ta tsayawa da wuri a kan tsakuwa. In ka ji ƙugi ka sauka gefe kawai.

Shawarata ka fara daga dam ka bi arewa tukuna tun kana da ƙarfi, don can ne hawa da gangara suka fi yawa, gajeru ne amma ba sa ƙarewa, kuma babu shago babu komai har ka isa ƙauyen Kielder. Gefen kudu ya fi sauƙi, akwai Leaplish da Tower Knowe inda za ka samu bayi da shayi. Sannan ka duba shafinsu kafin ka fito ko an rufe wani sashe. Bayan guguwar Arwen ta Nuwamba 2021 na je na tarar itatuwa kwance birjik kamar an yi girbin gero, hanyoyi da dama a rufe, haka na juya. Ka rage iskar taya kuma, kar ka cika ta tam kamar ta kwalta, in ba haka ba hannunka zai gaya maka.

Bajoshe:
Kai kuna tsorata yaro wlh. Wanda ya hau keke a Jos ya san me ake ce wa tudu. Na zagaye shi cikin awa uku da ɗan wani abu har da tsayawa ɗaukar hoto a tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Ka ɗau tiyub biyu ka tafi abinka.

Ɗan Tudun Wada:
Bajoshe ai kai a watan Afrilu ka je, ba ka gaisa da mijis ba. Koma a Yuli ka zo ka ba mu labari.

Maman Ƴan Biyu:
Ni nawa daban ne don ban zagaye duka ba, kuma ban ji kunya ba. Mun je da maigida da yara, muka yi hayar kekuna a can, ni na karɓi mai batir. Rabona da keke tun ina aji huɗu kafin Hajiyarmu ta ce na girma. Kuskurena abaya na saka, ko mil biyu ba mu yi ba cen ya cafke gefenta ya naɗe, na tsaya cak saura ƙiris in kifa, Abban yara ya durƙusa yana warwarewa hannunsa duk baƙin mai, yaran kuma dariya har da riƙe ciki. Ƴan uwa mata, doguwar riga zuwa gwiwa da wando mai faɗi wanda za ki ɗaure ƙafarsa, hijabi ƙarami a ƙarƙashin hular kwano, shikenan. Abinci kuma ku taho da naku, mu dambun nama da biredi da fulas ɗin shayi muka ɗauko, da ba don haka ba sai dai dankali. Amma abin da ya tsaya min a rai sallar la'asar da muka yi a bakin ruwan, na yi alwala da ruwan gora don na dam ɗin sanyinsa har ƙashi, muka shimfiɗa darduma kan ciyawa, shiru ko'ina, ina sallamewa sai ga jan kurege a kan reshe yana kallonmu. A nan na fara ganinsa, a gari masu toka kawai muke gani, ashe kusan rabin jajayen da suka rage a Ingila a dajin nan suke.

Ɗan Damagaram:
Ni tseren Dirty Reiver na shiga, wanda ake yi a dajin duk Afrilu. Akwai na kilomita 200, da 130, da 65, na ɗauki 130 don girman kai. Sanyi ne ya ci ni ba nisa ba. Kana hawa kana zufa, kana juyowa gangara iska ta bugi jiƙaƙƙiyar rigar, yatsuna suka mutu har birki na kasa matsewa sosai. Safar hannu mai kauri da rigar ruwa, ko da ka fito rana na haskawa. Kuma ka ci abinci tun ba ka ji yunwa ba, ni na jira sai da ƙafa ta ƙi feda, na zauna kan kututture na cinye dabino bakwai a jere kafin idona ya washe.

Malam Injiniya:
Na manta abu ɗaya. Da sanyin hunturu kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, kuma duhun wurin ba irin na gari ba ne, saboda shi aka gina wurin kallon taurari a can a 2008. Kar ka shiga dajin bayan azahar ba fitila.

Bakatsinen Newcastle:
Toh jama'a na je na dawo, Alhamdulillah. Yaya Injiniya na bi maganarka, arewa na fara bi, kuma gaskiyarka hawan nan ba sa ƙarewa, kana cewa wannan ne na ƙarshe sai wani ya leƙo. Awa huɗu da rabi na yi, Bajoshe ka yi haƙuri ban kamo ka ba. Tiyub biyu na ɗauka da famfo da kayan faci, taya ba ta sace ba ko sau ɗaya. Sai dai bayan na wuce ƙauyen na tarar da wani saurayi yana tura kekensa yana ɗaga waya sama yana neman sabis, na tsaya na ba shi ɗaya, sai ga shi ni ma ban iya cire tayar baya mai irin wannan birkin ba, na Phoenix daban ne. Mu biyu muka tsuguna muna juya ta kusan rabin awa mijis na cin rabonsu. Anti Maman Ƴan Biyu kuregen ki ban gan shi ba. Wa ke da man shafawa na ƙaiƙayi a unguwar Fenham nan Newcastle in zo in karɓa yanzu?