Muhawara: A dakatar da buɗe jami'o'i har sai kowane yaro ya shiga aji?

Tsohon hedimasta: Ra'ayina shi ne, muddin akwai yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kamar yadda UNICEF ta daɗe tana faɗa, kuma mafi yawansu a Arewa suke, bai dace gwamnati ta ci gaba da buɗe sababbin jami'o'i ba. Na shugabanci makarantar da yara fiye da ɗari ke zama a ƙasa cikin aji guda, iska ta yaye kwanon rufin, da hadari ya haɗo sai mu sallame su. Digirin da ake rabawa a birni bai taɓa kawo mana ko benci ɗaya ba.

Malama a kwalejin ilimi: Baba, Allah ya ƙara girma, halin da ka bayyana gaskiya ne, amma ina roƙon ka tuna da shekarar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin UPE na ba kowane yaro ilimin firamare kyauta. Yara sun yi tururuwa, malamai suka yi kaɗan, har aka riƙa ɗaukar waɗanda horonsu bai nuna ba, kuma a wannan shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin cike giɓin. A yau takardar shaidar malanta ta NCE ce mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita, kuma kwalejojin ilimi, waɗanda su ma manyan makarantu ne, su ke bayar da ita. Ko Kwalejin Katsina domin horar da malamai aka kafa ta, Sardauna da Tafawa Ɓalewa duk sun riƙe alli bayan sun gama.

Mahaifin 'yan firamare: Malama, to ina amfanin horon? A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da 21,000 suka kasa. Ɗiyata tana aji biyar, amma har yanzu da yatsa take bin haruffa, ba ta iya haɗa jimla.

Malama a kwalejin ilimi: Yaya, wannan ya fi damuna fiye da kowa. Makin shiga kwalejin ilimi da ake sanyawa a jarrabawar JAMB yana ƙasa da na jami'a, saboda haka galibi wanda ya rasa gurbi ne ke zuwa mana, ba wanda ke son koyarwa ba. Sannan idan aka tura ɗalibai koyarwar gwaji a ƙauyuka, sau da yawa babu kuɗin motar da za mu je mu duba su. Gyara kwalejin ke buƙata, domin yanke mata kuɗi zai ƙara lalata ajin ɗiyarka.

Ma'aikacin sashen ilimi: Ya kamata a sani cewa aljihun firamare da na jami'a ba ɗaya ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware wa ilimin tushe, wato firamare da ƙaramar sakandare, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma jihohi da dama kan bar kuɗin a hannun UBEC, hukumar tarayya da ke raba shi. TETFund kuwa, asusun tallafa wa manyan makarantu, daga harajin kamfanoni yake samun nasa.

Tsohon hedimasta: Na karɓi hujjarki game da kwalejojin ilimi, 'yata, amma ban janye maganata a kan sababbin jami'o'i ba. Ina so in ji yadda za a yi mai digirin ilimi ya yarda ya zauna a ƙauyen da babu gidan malami, albashi kuma yana makara.