Musayar Waƙa: Bikin Girbin Indiya, Kowace Jiha da Salonta

Malam Mai Tawada: Salamu alaikum. Yau Indiya muka nufa. Ran 14 ga Janairu, wata shekarar 15, suke bikin Makar Sankranti, sanyi na kaɗawa, amfanin gona ya shigo gida. Amsa-amonmu "wa" ne, wanda ya karya akwai tara.

Na fara da Punjab can arewa,
Daren jajibiri, Lohri suke cewa,
A hura wuta, a kewaye ta da rawa,
Gyaɗa da gugguru ciki ake watsawa.

'Yar Baiti:
Malam, abinci a wuta? Wannan ɓarnatarwa!
Sauko Tamil Nadu ka ga dafawa,
Sabuwar tukunyar ƙasa ake ɗorawa,
Shinkafa da madara suna tafasawa,
Da mazarƙwaila, ba mai saukewa,
Sai kumfa ta tumbatsa tana malalowa,
"Pongalo Pongal!" gida ya ɗau sowa.
Kwana huɗu ne, na uku shanu ake karramawa,
Ƙaho ya sha fenti, wuya fure na lilawa.

Autan Mawaƙa:
Yaya, kuna ta girki, ni na yi hawa,
Kan soro a birnin Ahmedabad na Gujarat ake taruwa,
Jirgin takarda kowa ke sakewa,
Zare da garin gilashi ake shafewa,
Ka tsinke na maƙwabci, "Kai po che!" kake ƙwalawa.
Tun 1989 baƙi daga ƙetare ke halartowa.

Malam Mai Tawada:
Auta, ina girbin? Sama ba a shukawa.
Zaren nan fiffiken tattabaru yake yankewa.

Baba Dattijo: Ku matsa, yara.

A Assam, Magh Bihu ake kirawa,
Da gora da karan shinkafa bukka ake kafawa,
Daren jajibiri, Uruka, a ci a sha, ba mai runtsawa,
Gari na wayewa, wuta ake cinna wa.

'Yar Baiti: Baba, "cinna wa" kalma biyu ce fa, amma mun yafe don furfura.

Autan Mawaƙa:
Malam, rumbu naku ne, mu mun riƙe sama!

Malam Mai Tawada:
Auta ya karya! Ga tarar da zai bayarwa:
Tilgul na Maharashtra zai kawo wa kowa,
Riɗi da mazarƙwaila ake dunƙulawa,
"Karɓi, ka yi zance mai daɗi," suke faɗa wurin miƙawa.

Autan Mawaƙa: Dunƙule nawa, Malam? Baba dai ba shi da haƙoran tauna shi.