Katin ta'amin (inshorar lafiya ta Sudan) ga Baba: in yanka ko in bari?

Ɗan Madani: Salamu alaikum 'yan uwa. Baba yana da shekara 71, ga suga ga hawan jini. Manomi ne, bai taɓa aikin gwamnati ba. Tun da muka baro Madani a Disamban 2023 yana Gadarif wurin ƙanwata. Ni ina Jidda, duk wata nake tura kuɗin magani ta manhajar banki ta Bankak. In yanka masa katin ta'amin ne, ko mu ci gaba da saye a saidaliyya (kantin magani)?

Malamin Firamare: Ai 'yan fansho a jikin fanshonsu ake cirewa, ba sai ka biya komai ba.

Ɗan Madani: Malam, na ce manomi ne.

Maman Biyu: Ka yanka. Da kati rubu'in kuɗin magani kawai kake biya, 25 cikin 100. Mu Diwanin Zakka ne ya biya wa Inna nata.

'Yar Sinja: Rubu'in maganin da babu? Allah ya jiƙan Hajiyata, da katinta a hannu muka je wani asibiti tun bayan asuba, likita bai gan ta ba sai bayan azahar. Tsohuwa mai suga, ba ta karya ba saboda awon jini, ta zauna a ƙasa jikinta yana rawa. Aka rubuta magani huɗu, tagar magani ta ba mu ɗaya, mafi araha, sauran a ce mu nema a waje. Insulin sai da na sayar da 'yan kunnena. Ba wanda ya zage ta, amma ba wanda ya ce mata sannu Hajiya. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Maman Biyu: Allah ya gafarta mata. Amma ni watan jiya dubu 6 na karɓo wa Inna na hawan jini.

Direban Kassala: Dubu 6 a ina? Ni miliyan 18 na biya!

Autan Gida: Miliyan ta bakin Baba ko ta yanzu? Tsofaffinmu har gobe dubu miliyan ce a wurinsu 😂

Malamin Firamare: Ku saurari wanda ya san abin. Tun 1995 da aka fara ta'amin a Sinnar nake da kati.

'Yar Sinja: Malam, kai ana cire maka a albashi. Ka taɓa bin layi da tsohon da ya yi shekara 50 yana noman dawa ba shi da takardar kowa? Mu da muka yi jinya ya kamata a tambaya.

Direban Kassala: Kafin ma a kai ga kati, Baba yana da raƙam waɗani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa? Kawuna a Mai Wurno aka haife shi, ubansa ma haka, amma da suka ji Hausa a bakinsa a wani ofis sai aka ce ya kawo shaidu.

Autan Gida: Mu sau uku aka mayar da mu.

Ɗan Madani: Takardun Baba duk a Madani suka tsaya. Akwai wanda ya sake ciro nasa a Gadarif?