Neman suna: rawar nan da ke kama gaban tsohuwar jif

Jama'a, barkanmu da warhaka. Masu tsofaffin jif da ogannin gareji na Jos, ku matso kusa, suna nake nema wa wata cutar mota. Masu Jeep a Amurka suna ce mata death wobble. Mu nan ba mu da kalmar da ta keɓanta da ita, kuma rashin sunan nan yana cin kuɗin mutane a banza.

Ga yadda take zuwa. Kana tafe a kan kwalta, gudu ya kai kilomita 60 ko 70 ko ya ɗara, sai tayar gaba ɗaya ta faɗa ɗan rami ko ta taka gaɓar gada. Nan take tayoyin gaba biyu su shiga kaɗawa hagu da dama da sauri, sitiyari ya nemi ƙwacewa daga hannunka, bodi ya ɗauki ƙara. Ƙara wuta ba ya raba ka da ita. Ba ta saki sai ka rage gudu ƙwarai, wani sa'in sai ka tsaya cak. In ka tashi kuma, mota ta ci gaba lafiya lau, har sai kun haɗu da wani ramin.

Ba kowace mota take kamawa ba. Ta fi zama a gidan masu aksil ɗin gaba guda, ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe daga taya zuwa taya: Land Cruiser 80 da aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, Nissan Patrol Y60, Defender, Discovery ta farko, da tsohuwar Hilux mai sifirin falle-falle. Tunda ƙarfe ɗaya ke riƙe da tayoyin biyu, abin da ya bugi ta dama sai ya isa ta hagu, ita ma ta mayar da martani. Pajero da Prado na 1996 zuwa yau kowace tayar gaba da hannuwanta, shi ya sa nasu ciwon daban ne. Masu aksil gudan nan kuwa su ne har gobe ke shiga ƙauyukan Bokkos da Mangu da damina, su fito da dankali.

To me ya hana mu ci gaba da cewa "sitiyari na rawa" kamar kullum? Abin da ya hana shi ne rawa uku ce muka zuba a kalma ɗaya. Akwai ta taya marar balansin ko rim da ya lanƙwashe: tana shigowa a hankali a wani gudu, ka wuce gudun ko ka sauko ƙasa da shi ta lafa. Akwai ta faifan birki da ya karkace, wadda ba ka jin ta sai ka taka birki. Sai wannan ta uku. Mai mota ya je ya ce sitiyari na rawa, a tura shi wajen masu balansin, ya biya, ya kama hanyar Akwanga da kwanciyar hankali, abin ya tarar da shi a gangaren Hawan Kibo. Wanda ya san wurin ya san ba wajen gwaji ba ne.

Kalmomin da suka fara zuwa mini, ga su, ku ma ku auna.

Rawar ajali, ko rawar mutuwa. Wannan ɗauko maganar Bature ce aka sa mata hula. Ba ta faɗi komai game da inda ciwon yake ba, tsoro kawai take ba mai mota, kuma tsoro a bakin gareji farashi yake ƙarawa. Ban da haka, wane Bahaushe ne zai tashi da safe ya kira wa motar da yake ɗaukar iyalinsa ajali? Baki shi ke yanka wuya.

Karkarwa ko makyarkyata. Duk wanda ya kwana a Jos a watan Disamba ya san su. Amma rawa ce ƙanana, mai ɗorewa, ba ta fizga. Ni a ganina karkarwa ta taya marar balansin ce, a bar mata abarta.

Girgiza ta yi faɗi, har ƙasa tana yin ta. Farfaɗiya kuwa ta dace da yadda abin ke zuwa ba sallama, sai dai lalura ce da bayin Allah ke fama da ita, ga kuma ƙyamar da ake nuna musu. Ba na so ta zama abin raha a bakin yaran gareji. Na ajiye ta.

Wadda na fi karkata gare ta ita ce bori. Ku faɗi naku kafin in kare ta.

Na dawo, na karanta amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Kalma biyu ce ta rage a fili, jijjiga da bori.

Masu jijjiga suna da hujja, don kalmar tana da ƙarfi, kuma a asibiti ma ana amfani da ita ga abin da ke kama yaro mai zafin zazzaɓi ko mai juna biyu. Matsalarta a gareji ita ce an riga an ba ta aiki. Inji yana jijjiga in robar da yake zaune a kai ta mutu, hanya marar kyau tana jijjiga fasinja. Ka ce wa makanike mota na jijjiga, bonet zai fara buɗewa. Mu kuwa so muke ya ɗauko tabarmarsa ya kwanta ƙarƙashin gaba.

Bori ba shi da wani aiki a gareji, wannan ɗaya. Na biyu, halinsa ya yi daidai: ba ya tashi sai an taɓo shi, in ya hau ba ya jin lallashi, kuma saukarsa sai an bi shi a hankali. Na uku, kalmar tana juyuwa a baki ba tare da an tilasta ta ba. Motar ta hau bori. Borin bai sauka ba sai da na tsaya. Tana da bori, kada ka saya. Kalmar da aka ƙirƙira a kan takarda ba ta yin wannan.

Malam da ya ce ba ya son a jawo al'adar 'yan bori cikin zancen mota, na ji ka, Allah ya gafarta Malam. Amma kalmar ta daɗe da fita daga wancan fage. Uwa tana cewa yaro yana bori in ya kwanta a ƙasa yana shure-shure, kowa yana cewa borin kunya, ba wanda ya taɓa kawo garaya a ransa.

Saura rabin sunan. Wasu sun ce borin sitiyari, wani ya ce borin gaba, wannan na biyun ku da kanku kun san dalilin da ba zai yi ba. Borin sitiyari kuma yana nuna inda ka ji abin ne, ba inda ya fito ba. Ogannin Farin Gada da masu kayan gyara na Dilimi tuntuni suke kiran sifirin da shakazoba da bushin (robar da ke cikin gaɓoɓi) da tayirod (sandar da ke juya tayoyin gaba tare) da boris kayan ƙafa, gyaransu kuma aikin ƙafa. Wannan suna ne mai kyau da ba mu gode masa ba, musamman in ka ga abin da manhajar fassara ke bayarwa a madadin kalmar Turanci suspension: dakatarwa, wai ka ce ma'aikaci ne ya yi laifi a ofis. Don haka ni dai borin ƙafa na tsayar.

Tunda sunan ya ce ƙafa, bari mu duba ƙafar, don yawancin binciken nan mai mota zai iya yi a ƙofar gida da tocila da mutum ɗaya mai taimako.

A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri ba gangare ba, tayoyi a ƙasa, a ja birkin hannu, a sa dutse a bayan taya. Mai taimako ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, gajere-gajere da ɗan ƙarfi. Kai kuma ka durƙusa a gaba ka bi kowace gaɓa da ido, ka ɗora tafin hannu a kanta, nesa da inda za ta matse yatsa. Gaɓa mai lafiya ɓangarorinta biyu tare suke tafiya. Wadda ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya biyo, ko ka ji ƙwas a tafinka, ta ci.

Fara da sandar da ke kwance a gicciye, wadda kanta ɗaya ke ɗaure a shasi, ɗayan a aksil. A littafin mota sandar Panhard ce, sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa. A motoci masu sifirin naɗaɗɗe ita kaɗai ke hana aksil zamewa gefe, saboda haka wasa kaɗan a bushin ɗinta ya isa ya tayar da bori. Wani lokaci ma bushin ɗin ƙalau yake, noti ne ya saki aka daɗe ana tafiya a haka har ramin da kusar ke shiga ya yi faɗi. Wannan sabon bushin ba ya maganinsa, sai an gyara ramin. Daga nan ka bi kawunan tayirod, da sandar da ta taso daga akwatin sitiyari, da shi kansa akwatin, ko yana motsi a jikin shasi.

Sannan a ɗaga gaba. A nan zan dage: jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. A sa ƙarfen tokare a ƙarƙashin aksil, ko katako mai kauri. Bulon siminti yana fashewa ba gargaɗi. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji wasa, mai taimako ya taka birki ka sake. Wasan ya ɓace, boris ɗin taya ne. Bai ɓace ba, kimfin ne, wato boris ɗin sama da ƙasa da kan aksil ke juyawa a kansu. Kama tayar a gefenta na hagu da dama kuma, wannan tayirod yake tonawa.

Kimfin ɗin nan shi ne inda aka fi yin sake a Land Cruiser da Land Rover. Ba wasa kaɗai ake nema a wurin ba, akwai ɗan tauri da aka ƙera shi da shi, wanda ke hana taya kaɗawa da kanta. Shekaru suna cinye taurin tun kafin hannu ya ji wasa. Ana auna shi da sikeli mai ƙugiya bayan an cire tayirod, ana kuma dawo da shi ta hanyar rage siraran washa da ke ƙarƙashin murfin. Kowace mota da adadinta a littafinta, kada a yi da ka. In boris ɗin ya yi gurbi yana tafiya yana cijewa, canji ne kawai.

Mai canza kan tayirod da kansa, ya auna tsawon sandar ko ya ƙirga zagayen zare kafin ya kwance, ya bugi gefen kunnen ƙarfen da guduma ba kan zaren ba, ya sa sabon fin a noti, sannan duk da haka ya kai alaimen. Mai canza bushin kuma kada ya ƙarasa ɗaure noti mota tana sama. A sauke ta nauyinta ya zauna tukuna, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Matasan Rayfield masu ɗaga mota da dogon sifirin da manyan tayoyi, ku ma kuna ciki. An ƙera kan aksil da ɗan jingina baya, kimanin digiri 3 a Defender da Land Cruiser 80, shi ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Ɗaga mota yana murza aksil ya rage jinginar, sai ƙaramin wasan da da can motar ke haƙuri da shi ya zama bori.

In ya kama ka a hanya, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗage ƙafa daga totur, kada ka danne birki da ƙarfi lokaci ɗaya, ka rage a hankali ka gangara gefe.

Oga da ya rubuto cewa shi sabuwar shakazobar sitiyari yake sa wa kowa kuma ba wanda ya dawo, ranka ya daɗe, ba musu nake da shekarunka a sana'a ba. Shakazobar tana danne borin na ɗan lokaci, gaskiya ne. Amma bushin da ya ci yana nan yana ƙara ci a ƙarƙashinta, ita kuma tana shan dukan da ba nata ba har ta fara yoyon mai. A canza ta in tana yoyo ko ta yi laushi, amma bayan an gama da sandar gicciye da tayirod da kimfin da boris, ba kafinsu ba.