Sabar fakis a ofis: wai da gaske ta fi imel tsaro?

Manaja: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da ta raba mana ofis gida biyu tun Litinin. Kamfanin da muke sayen kayan gyaran injuna a wurinsa a Osaka ta ƙasar Japan ya ce odar da ba ta zo ta fakis da sa hannu da hatimi ba, ba ya shigar da ita. Oga ya ce a kafa sabar fakis, wato kwamfuta guda da za ta riƙa turawa da karɓar fakis wa duk ofis, kowa ya riƙa turawa daga kan teburinsa. Ya ƙara da cewa ai fakis ya fi imel tsaro, shi ya sa Japanawa suka ƙi sakinsa. Ni dai na bi bayan Oga. Injiniyanmu ya ce sam. Na saka shi a nan, ga fili ga mai doki.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ban ce kada a kafa ba. Kafawar ma ba ta kai aikin yini guda ba. In Windows Server ce, a kunna mata aikin fakis, a sa modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, a raba ta a layin ofis kamar yadda ake raba firinta. Mai son turawa ya buɗe takardarsa, ya danna bugawa, ya zaɓi fakis maimakon firinta, ya sa lamba, shi ke nan. Fakis ɗin da ya shigo kuma hanya uku ce: ko a ajiye shi a jaka ɗaya, ko a buga shi a takarda, ko a tura wa mutum ta imel. In ba a son biyan lasisi akwai manhajar HylaFAX a kan Linux, kyauta ce. Abin da na ƙi shi ne a ce tsaro ne dalili. Fakis ba ya kulle saƙo. Hoton takarda ne ake mayarwa ƙara a tura ta waya, duk wanda ya hau layin da kayan aiki zai iya mayar da ƙarar takarda.

Manaja: To ai sai ya hau layin. Imel kuwa yaro yana zaune a ɗakin uwarsa zai sace maka kalmar sirri.

Injiniya: Gaskiya ne. Amma ina fakis ɗin zai sauka in ya shigo sabar? A imel ɗinka, Yallaɓai. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Hajiya Sakatariya: Ku bari in sa baki, shekara goma sha ne na yi ina gadin na'urar fakis kafin in yi ritaya. 'Ya'yana, sirrin fakis a bakin tire yake ƙarewa. Takarda za ta fito an rubuta "sirri" a samanta da manyan baƙaƙe, ta kwanta a nan, masinja ya karanta, direba ya karanta, mai kawo shayi ma ya leƙa, kafin mai ita ya dawo daga masallaci. Na taɓa ganin takardar ƙarin girman wani ta zagaye ofis kafin shi ya ji. Ga takardar nan ta naɗi mai santsi, ka sa ta a fayil, bayan shekara ka buɗe ka tarar rubutun ya dushe kamar an wanke allo. Dole sai mun yi hoton kowace a ranar da ta zo. To in wannan saba taku za ta kai wa kowa nasa kai tsaye ba tare da ta kwanta a tire ba, ni a wurina an ci gaba. Amma kada a ce mini tsohon fakis sirri gare shi.

Malam Mai Waya: Hajiya ta gama da wancan. Ni tambaya ɗaya gare ni, Manaja: wane layi za ku sa mata?

Manaja: Layin ofis mana.

Malam Mai Waya: Wanne? Tun da wayar salula ta shigo a 2001 wayar girke ta yi ta ja da baya, yau ofis nawa ne a Kano ko Kaduna ke da igiyar tagulla mai rai a bango? Modem na fakis wannan layin yake nema. Ba za ka cusa masa sim ɗin wayar hannu ya yi aiki haka kawai ba, domin salula tana matse sauti ne daidai muryar ɗan Adam, ƙarar fakis kuwa in aka matse ta ta lalace. Saura layin waya na intanet. Shi ma a nan ake kuka. Mutum in yana magana kalma ta ɗan yanke, kunne zai cike gurbin. Fakis ba ya yafiya, ɗan guntun saƙo ya ɓace sai shafi ya fito da zane-zane ko kiran ya mutu a shafi na huɗu. Saboda haka aka fito da ƙa'idar T.38 a 1998, wadda ke ɗaukar bayanan fakis ɗin kansu ta bi da su intanet, har tana maimaita su don ko wani ya faɗi a hanya. Kafin ku sayi ko ƙusa, ku tambayi mai ba ku layin: yana ɗaukar T.38 daga nan har can? In ya fara kame-kame, ku nemi aƙalla G.711, hanyar ɗaukar murya wadda ba ta matse sauti. In ya ce G.729 mai matse sauti gare shi, ku gaishe shi ku fito.

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Malam. Abin da nake ta faɗa ke nan ba a saurare ni ba. Sannan a sauke gudun modem ɗin daga 14,400 zuwa 9,600, a kashe abin nan da ke datse layi in ya ji shiru.

Malam Mai Waya: Haka ne ɗana. Gara ya tafi a hankali ya isa.

Akanta: Ni ba ruwana da T ko G. Japan tana gaban mu da awa takwas. Ƙarfe goma na safe a Osaka, ƙarfe biyun dare ne a nan. Ke nan amsarsu za ta riƙa zuwa lokacin da ofis ke kulle, janareto a kashe. Wa zai riƙe sabar nan a kunne har asuba? Inbata da batura, ko mai gadi ya kwana yana zuba mai? Duk wannan don oda nawa a wata? Akwai masu ba da hayar lambar fakis ta intanet, irin su eFax, ka tura ta imel su mayar fakis. A biya su a huta.

Manaja: A'a, Akanta. Takardunmu da farashinmu su bi ta hannun wani kamfani da ban san shi ba? Nan kam ban yarda ba.

Injiniya: A nan ina tare da kai, Yallaɓai, wannan ita ce hujja ta gaskiya ta ajiye saba a gida: takardu na hannunka, ka san wa ya tura me da ƙarfe nawa. Amma ka sani ƙofa ce ka ƙara wa gida. A 2018 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta Check Point sun nuna yadda aka kutsa cikin firintar HP mai fakis ta hanyar turo mata fakis kawai, daga nan a shiga sauran kwamfutocin ofis. Lambar waya kaɗai suka buƙata. HP ta fitar da gyara, amma darasin ya zauna. In za a kafa, a ware ta gefe guda, a riƙa sabunta ta, kuma jakar da saƙo ke sauka kada ta zama ta kowa da kowa, in ba haka ba tiren Hajiya ne ya dawo.

Barista: Tun ɗazu nake karatu. Manaja, na san abin da ke ran Oga: ɗan rahoton nan da ke fitowa ya ce saƙo ya tafi. Yana da amfani, ban musa ba. Amma abin da yake nunawa lamba ce, da lokaci, da yawan shafuka. Ba ya cewa wane ne ya karanta. Kuma da zarar takarda ta fito daga saba, ta zama abin da kwamfuta ta samar, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 zai hau kanta kamar yadda yake hawa kan imel, har da takardar shaidar cewa na'urar tana aiki daidai. Ku adana kundin sabar, ku daidaita agogonta. Ranar rigima su za a nema.

Manaja: To in haka ne me ya sa manyan ƙasashe ba su yar da shi ba?

Barista: Sabo. A Ingila ministan lafiya na lokacin, Matt Hancock, ya hana asibitocin gwamnati sayen sababbin na'urorin fakis daga farkon 2019. A Japan ɗin ma ministan gyaran ayyukan gwamnati na lokacin, Taro Kono, ya tashi raba ma'aikatu da shi a 2021, ma'aikata suka yi masa ca. Mutanenka na Osaka tsarin ofishinsu ne ya ginu a kan takarda da hatimi.

Manaja: Na ji. Batun tsaro zan sassauta, amma odar nan dole ta tafi, kuma ba ni zan koya wa Bajapane aikinsa ba.

Injiniya: To a ba ni tsohuwar kwamfutar da ke sito da layin gwaji na wata guda. Zan tura musu shafi goma sha biyu da rana, su dawo mana da su cikin dare, sau biyar. In duka sun iso hatimi na karantuwa, a sayi kaya. In ba su iso ba, a bi shawarar Akanta.

Akanta: Batirin gwajin fa, daga aljihun wa?

Manaja: Ka rubuto takarda, zan kai wa Oga gobe in sha Allah.

Hajiya Sakatariya: Ku dai duba lambar sau biyu kafin ku danna. Na taɓa tura albashin ma'aikata gaba ɗaya wani shagon taya.