Super Metroid: wai mene ne daɗinsa, kuma ya ake wuce gadar Brinstar?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san tsofaffin gem na Nintendo. Ana ta yabon Super Metroid, gem ɗin 1994, wai har yau da wuya a samu kamarsa. Na sa shi a waya, na samu Morph Ball da bam da Super Missile, yanzu ina yankin Brinstar gaban wata doguwar gada da ke rugujewa da zarar na taka ta. Ba kibiya, ba mai gaya maka inda za ka nufa. Ya ake wuce wurin? Sannan don Allah a fahimtar da ni abin da ake so a jikinsa, tunda tafiya ce kawai hagu da dama.

Bazazzage ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gadar nan ta tsayar da mutane da yawa kafin kai, kuma maganinta maɓalli ɗaya ne. Samus, jarumar da kake sarrafawa, tana da gudu tun farkon gem ɗin, ba sai ka tsinci komai ba. A tsarin asali B ne gudu, A tsalle, X harbi. Ka koma baya kaɗan, ka danne B ka riƙe, ka miƙe dama kada ka tsaya. Tubalan suna ɗaukar ɗan lokaci kafin su faɗi, mai tafiya ba ya tsira, mai gudu yana wucewa.

Amsar tambayarka ta biyu ma tana jikin gadar. Daraktan gem ɗin Yoshio Sakamoto da mutanensa sun gina duniyar Zebes ta yadda wuri ne ke koya maka, ba rubutu ba. Kullum sai an nuna maka kwaɗo kafin a ba ka mabuɗi. Dubi ƙofofi: shuɗiya harbi ɗaya ne, ja tana cin Missile 5 ko Super Missile 1, koriya Super Missile kawai, ruwan ɗorawa sai Power Bomb, mai launin toka kuwa yawanci sai ka kashe abin da ke cikin ɗakin. Kana wucewa kana ganin ƙofar da ba ka da abin buɗe ta, tana zaune a ranka. Ranar da ka samu Power Bomb, wurare uku ko huɗu za su faɗo maka lokaci guda. Wannan jin shi ake bi.

Bayan gadar za ka shiga wani dogon rami mai jan bango, ka gangara ƙasa, kuma ba za ka iya hawowa ba. Da gangan ne. An rufe maka baya don kada ka ɓata awa biyu kana yawo a inda babu abin yi. Bi wannan tsarin: ka yi dama har lif ɗin Norfair, yankin zafi, ka sauka ka ɗauki Hi-Jump Boots a can ƙasa ta hagu, ka dawo sama. Bangon da ke dama da lif ɗin Super Missile ke fasa shi, hanyar babban dodo Kraid ke nan. Ka harbe shi a ka ya buɗe baki, ka zuba masa makami a ciki. Shi zai ba ka Varia Suit, rigar da ke hana zafin Norfair cin jininka. Daga nan Speed Booster, sai Ice Beam, sai ka koma jan ramin nan ka daskarar da ƙwarin da ke shawagi a cikinsa, ka taka su kamar matakala. A sama Power Bomb take.

Abu ɗaya ka lura da shi a hanya: kafin lif ɗin za ka ratsa wani bututun gilashi, ruwa ta ko'ina a waje. Ba wanda zai ce maka komai a kansa. Ka riƙe shi a rai.

Kamar baƙo ne a lungunan cikin birni. Ranar farko daga Ƙofar Doka zuwa fada sai ya yi tambaya sau biyar. Bayan wata guda shi ke nuna wa wani yanke. Zuwa ƙarshen gem ɗin haka za ka san Zebes, ba ka ko buɗe taswira.

Mai Gyara na PZ ya amsa:

Malam Bazazzage ya gama magana kan hanya. Ni kan na'ura zan yi, don rabin masu cewa gem ɗin ba daɗi, matsalar a hannunsu take.

Gilashin waya bai dace da shi ba. Akwai wuraren da za ka riƙe gudu, ka yi tsalle, ka yi harbi, ga L da R na saiti sama da ƙasa, duk a tare. Babban yatsa ɗaya ba zai iya ba. Ka nemi hannun gem, in da hali mai waya ta OTG, domin na Bluetooth masu araha suna kawo jinkiri tsakanin dannawa da motsi. Kafin ka shiga wasa akwai shafin sauya maɓallai a cikin gem ɗin kansa. Da yawa suna mayar da harbi kan Y, tsalle kan B, gudu kan A ko R, don yatsa ya kwanta a kan biyu lokaci guda.

Ka duba wane bugu ne gare ka. Na Amurka da Japan yana tafiya a kan hoto 60 a daƙiƙa, na Turai 50, kuma hannu yana jin bambancin. Hoton kuma ka bar shi a 4:3, kada ka ja shi ya cika faɗin waya, Samus za ta koma gajera mai ƙiba, nisan tsalle ya ruɗe ka. Ka sa abin kunne. Kiɗan Kenji Yamamoto da Minako Hamano, musamman na jan Brinstar, lasifikar waya tana cinye ƙasansa gaba ɗaya.

Mai Switch yana samunsa a cikin Nintendo Switch Online, yana kuma cikin ƙaramar SNES Classic ta 2017. Wanda ya ci karo da kaset na asali a kayan gwanjo ya sani cewa batir ne ke riƙe ajiyar wasa, CR2032, kuma na 1994 ya daɗe da tsufa. In yana mantuwa bayan an kashe, a canja batirin da ƙarfen liƙi, ba a manna shi da salatif ba.

Sai tsallen bango, inda jinkirin hannu ke kashe mutane. Dole tsallen ya zama mai juyi, wato kana tafiya ka tashi. Ka taɓa bangon, ka danna ɓangaren da ke nesa da shi, sannan bayan ƙiftawar ido ka danna tsalle. In ka danna su tare ba zai yi ba. In ka taɓa sama ko ƙasa, juyin ya warware, shi ma ba zai yi ba.

'Yar Tudun Wada ta amsa:

Yayyena kun yi bayani, amma a faɗa masa aibin ma, kada ya zaci laifinsa ne. Taswirar tana sa ɗigo a ɗakin da ke da kaya, amma ɗigon ba ya gogewa bayan ka ɗauka, kuma ba ta nuna ƙofofi. Kaya 100 ne a gem ɗin, cikinsu tankin jini 14 da tankunan Missile da ke kai ka har harsashi 230. Mai son tattara su duka sai ya ajiye takarda da biro. Zaɓen makami ma wahala ne: abu 5 kake zagayawa da Select ɗaya, a tsakiyar faɗa sai ka wuce wanda kake so. Maridia kuwa, yankin ruwa, da yashinta mai haɗiye ƙafa da hanyoyinta masu kama da juna, ita ce mafi gajiyarwa. Kada ka kuskura ka zurfafa cikinta ba Gravity Suit, ruwan zai rage maka tsalle sosai.

Rigar tana Wrecked Ship. Jirgin za ka same shi kamar unguwar da taransifomarta ta ƙone: ɗakin ajiya ba ya aiki, na taswira ba ya aiki, sai ka kashe Phantoon, dodon jirgin, wuta ta dawo. Shi kuma kada ka yi masa gaggawa da Super Missile, yana harzuƙa ya cika ɗakin da wuta sahu-sahu. Ƙananan Missile idan ya buɗe ido sun fi lafiya.

Draygon, dodon Maridia, yana da gajeriyar hanya da ke nuna irin tunanin masu gem ɗin. Ka fasa bindigogin da ke jikin bango, za su bar wayoyi suna tartsatsi. Ka bari ya kama ka, in ya kusanto da kai wurin ka harba Grapple Beam, igiyar lilo, ka maƙale. Lantarkin zai bi ta jikinka ya gama da shi cikin daƙiƙu. Kai ma jininka na sauka, don haka ka shiga da tankuna a cike.

Inda na yaba masa ɗari bisa ɗari shi ne daɗinsa ba ya ƙarewa a zagaye ɗaya. Wanda ya iya tsallen bango yana iya ɗaukar kaya ba bisa jerin da aka tsara ba, shi ya sa har yau ake tseren kammala shi. Gem ɗin da kansa yana duba agogo: ƙasa da awa 3 ƙarshe ɗaya, tsakanin 3 da 10 wani, sama da 10 wani. Shi da Castlevania: Symphony of the Night na 1997 ne suka ba wannan salon sunan Metroidvania, gidan da Hollow Knight ya fito.

Ɗan Samaru ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gada ta wuce, har na kai Power Bomb. Amma yanzu na fasa wani daɓe na faɗa rami, ga wata koriyar tsuntsuwa kamar jimina tana ta gudu tana tashi sama. Ba hanyar hawa sama. Na lalata wasan ne?

Bazazzage ya amsa:

Ba ka lalata komai ba, malama ce aka aiko maka. Sunanta Dachora, ka kalli abin da take yi. Ka je ƙarshen ɗakin ka taho da gudun Speed Booster har Samus ta fara walƙiya, ka danna ƙasa kana cikin gudun. Jikinta zai ci gaba da ƙyalli na 'yan daƙiƙu. Kafin ya mutu ka tsaya daidai ƙarƙashin ramin da ka faɗo, ka saki hagu da dama, ka danna tsalle. Tashin yana cin jini, kuma yana yankewa idan ya sauka zuwa 29, saboda haka ka duba lambar da ke saman hagu kafin ka fara gudun.